Bakin Inno Ba Ya Tsayawa

Litinin, 13 ga Afrilu 2020, hantsi

Na yage shafukan da Khaulah ta ɓata da zane, na mayar da littafinta na makaranta nawa. Makarantar ma a rufe take, wa zai tambaya? Yau kwana ashirin da bakwai da kullen annoba, in ban sami inda zan zubar da magana ba kaina fashewa zai yi.

Mu huɗu ne a hawa na goma sha bakwai: ni Lailatu, Khaulah mai shekara shida, Umair da bai cika wata huɗu ba, sai Inno, mahaifiyar maigidana. Ta taso daga Dukku a Disamba don ta yi mini wankan jego, tunda tawa uwar ta riga mu gidan gaskiya. Wata uku ta yi niyya. Shi kuma Abban Khaulah ya tafi gida ƙarshen Fabrairu tattaro bayanan bincikensa, ya ce sati uku. Yana can aka rufe filayen jirgi, shi a Gombe, mu a unguwar Danau Kota, ƙasar Maleshiya. Ranar da zai tafi, a bakin lif, abu ɗaya ya ce mini: "Ga amanar Inno nan." Ko yaran bai ambata ba.

Inno tana da ciwon suga shekara goma sha biyu, kuma abinci ba ya sauka a cikinta. Loma uku ta ƙoshi, ciki ya kumbura, ta wuni tana gyatsa, wani lokacin ta amayar da abin da ta ci jiya yana nan yadda yake. A Janairu na kai ta wani ƙaramin asibiti a ƙasan bene. Likitan ya ce sugan ne ya kashe wa cikin ƙarfi, ba ya tura abinci gaba. Ya ba da wasu ƙananan ƙwayoyi farare, a sha rabin awa kafin cin abinci. Wallahi kwana biyu kawai, Inno ta cinye malmalar tuwo guda. Na yi rawa a kicin ni kaɗai.

Na ba ta maganin safe.

Laraba, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Bashira ta hawa na tara ta hawo da kuka da daddawa, ta tsaya nesa da ƙofa da takunkuminta. Mijinta malami ne a jami'a, sun fi mu daɗewa a garin nan. Ita ce mai jakar magani. Duk wanda zai zo daga Kano sai ya riƙo mata, duk matar da ɗanta ya yi zazzaɓi ƙofarta take bugawa. Da na likita ya ƙare a Janairu, fankon na nuna mata, ta zaro mini kwali guda irinsa sak. Wannan na uku ke nan da ta ba ni.

Ta leƙo ta gaida Inno daga nesa, sannan ta ce mini a hankali, "Maman Khaulah, kin yi dace da suruka. Bakinta ba ya rabuwa da ambaton Allah. Ki duba leɓenta, ko tana amsa gaisuwa yana motsi."

Na ce ai haka take. Amma gaskiya ban sani ba. Shekarata takwas da aure ban taɓa tsayar da ido a fuskar Inno ba. Durƙusawa nake yi, kaina a ƙasa, in ajiye kwano in fita. Ita ma ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba, ko ruwa za ta sha sai ta juya baya. Sunan ɗanta ma ba ta faɗa, sai dai "wancan", saboda shi ne ɗanta namiji na fari. Mu a Kano muna da kunya, amma ta mutanen nan ta fi ƙarfina. Ƙafafunta na sani, da zoben azurfan da ke hannunta.

Alhamis, 16 ga Afrilu, yamma

Na safe, na rana, na yamma. Kwano ya dawo fes. Alhamdulillahi.

Asabar, 18 ga Afrilu, la'asar

Akwai wata ƙara a gidan nan.

Da rana nake jin ta, idan Umair ya yi barci, titi ya yi tsit, ba mota ba babur sai jiniyar motar asibiti can wajen Setapak. Tsap. Tsap. Kamar mai tsotsar tsamiya. Na duba famfo, na duba bayan firji, na ce ko tsaka ce a bango. Da na tsaya a ƙofar ɗakin Inno sai na ji daga ciki take. Na yi sallama, ƙarar ta tsaya, Inno ta amsa. Ina juyawa ta ci gaba.

Zikiri ne. Tsofaffi haka suke yi.

Talata, 21 ga Afrilu, azahar

Na mari Khaulah. Ban taɓa marin ta a fuska ba sai yau.

Ina wanke-wanke na waiwayo na gan ta zaune tana murguɗa baki, tana tauna iska, tana zaro harshe tana mayarwa. Na ce ke, wane irin iskanci ne wannan? Ta ce, "Inno ma ai tana yi, Mami." Ban san sanda hannuna ya tashi ba. Na ce kakarki za ki kwaikwaya, don gidanku? Ta yi kuka har ta shiɗe, tana ta rantsuwa da Turanci wai ba ƙarya take ba.

Inno ta ji komai daga ɗaki. Na san ta ji, bangon gidajen nan kwali ne. Ba ta fito ba, ba ta ce in bar yarinya ba, ita da ko tsawa ba ta bari a yi wa Khaulah.

Na ba ta na rana. Ta miƙo hannu ta bayan labule.

Juma'a, 24 ga Afrilu, 1 ga Ramadan, hantsi

Na roƙi Inno kada ta yi azumi saboda sugan. Ta ce, "'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake azumi." Shi ke nan, an rufe magana.

Sai na zauna na yi dabara, ni mai wayo. Tunda ba za ta sami na rana ba, kuma a ɗan tsakanin nan za ta ci duk abin da za ta ci, sai in ba ta biyu da buɗa baki, biyu da sahur. Ina so idan ɗanta ya dawo ya tarar ta yi ƙiba. Ina so ya ce Lailatu ta riƙe amana. Ba zan ɓoye ba, yabon nake so.

Babu kasuwar azumi bana. Bara war haka muna yawo tsakanin rumfuna muna yin tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na murtabak, fankensu mai nama a ciki, Abban Khaulah yana ɗauke da ita a wuya.

Talata, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Na gani.

Ina goge gilashin ƙofar baranda, ita tana zaune a bayana kan darduma, sai ga fuskarta a cikin gilashin. Ba ta san ina kallo ba. Muƙamuƙinta yana tauna babu komai a bakin. Leɓenta yana tsukewa yana buɗewa. Sai harshe ya fito, ya lasa gefe, ya koma, ya sake fitowa. Idanunta kuwa suna nan lafiya lau, na Inno, a natse, suna kallon carbinta. Sama mutum ɗaya, ƙasa wani.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ci gaba da goge wuri ɗaya har tsumman ya bushe. Ban waiwaya ba. Da yamma na kira Khaulah na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta manta. Ni ban manta ba.

Alhamis, 30 ga Afrilu, azahar

Abban Khaulah ya kira ta bidiyo, yayarsa Turai tana kusa da shi. Da ma Inno sama-sama take riƙe waya, rabin fuska, rabin silin. Yau Khaulah ce ta riƙe mata, ta saita ta daidai. Sai na ji Yaya Turai ta ƙwalla ƙara: "Wayyo Allah! Inno, me ya sami bakinki?"

Inno ta ja mayafi ta rufe, ta ɗaga carbi ta nuna musu, ta ce lazimi take yi. Muryar ta fito a cakuɗe.

Daga nan gida ya rikice. Yaya Turai ta ce iska ce, an ajiye tsohuwa a sama kusa da gajimare, a ƙasar da ba a san me aka binne a ƙarƙashin ginin ba. Ta ce, "Lailatu, tun yaushe?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kina gida ɗaya da ita ba ki sani ba?" Me zan ce? In ce ba na kallon fuskarta, alhali su suka koya mini hakan, har suna yabona a kai?

Shi bai ce komai ba sai, "Ki kula da ita." Ya maimaita sau biyu.

Asabar, 2 ga Mayu, hantsi

An yi ruƙiya ta waya. Wani Malam Sirajo ne daga Gombe, muka ajiye wayar kusa da kunnen Inno, ya yi karatu awa guda. Na turara habbatussauda kamar yadda aka ce, har na'urar hayaƙi ta kama kururuwa, mai gadi ya hawo yana ta "tak boleh, tak boleh", wato an hana. Inno ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba, babu wanda ya yi magana ta bakinta. Malam ya ce mai taurin kai ne, a ci gaba.

Bayan nan Yaya Turai ta kira ni ni kaɗai. "Me kike ba ta?" Na lissafa: tuwon shinkafa, miyar kuka, kunun gyaɗa, dabino. Ta ce babu wani abu? Na ce babu. Abinci ta tambaya, abinci na faɗa.

Tsap, tsap, tsap. Yanzu ko sallama na yi ba ta tsayawa.

Litinin, 4 ga Mayu, azahar

Na buɗe sabon kwali, takardar cikinsa ta faɗo ƙasa. Kullum jefar da ita nake yi. Yau Umair yana barci, ba ni da abin yi, na warware ta.

Ba zan rubuta abin da na karanta ba.

Litinin ɗin dai, bayan buɗa baki

Ta miƙo hannu ta bayan labule, kamar kullum. Hannun ya tsaya yana jira.

Na ba ta.

Talata, 5 ga Mayu, yamma

Na sake ba ta. Idan na hana za ta ce me ya sa. Allah na tuba.

Laraba, 6 ga Mayu, bayan sallar asuba

To, bari in rubuta, tunda babu mai karantawa.

Ranar da muka je wurin likita a Janairu, bayan ya rubuta maganin, ya ɗaga hannunsa ya ware yatsu biyar. Ya ce kwana biyar kawai, in bai yi ba mu dawo. Na ji shi. Da kunnena na ji. Amma kwana biyar ɗin suka cika Inno tana cin abinci, tana dariya da jariri, ni kuma ina jego, jikina duk ciwo, ga layin asibiti, ga Bashira hawa takwas kawai a ƙasa. Na ce ai maganin ciki ne, me zai yi? A gida wa yake komawa wurin likita don magani ya karɓe shi? Sai dai a ƙaro.

Takardar ta ce tsofaffi. Ta ce mata. Ta ce masu suga. Ta ce harshe da leɓe da muƙamuƙi. Ta ce yana iya zama har abada. Kamar wanda ya zauna ya kalli Inno sannan ya rubuta.

Na zuba sauran a masai na kora ruwa. Na je bakin labule na ce, "Inno, maganin ya ƙare, babu shi a gari." Ta ce, "To."

Juma'a, 8 ga Mayu, la'asar

Ta yi amai sau uku tun jiya. Kuma bakin ya ƙaru, bai ragu ba. Na daina, ya ƙaru! Yanzu har yatsun hannunta suna motsi kamar tana ƙirga wani abu. Ya Allah, wanne zan yi?

Bashira ta ji labari ta hawo da wani kwalin a leda. Na ce ta mayar. Ta ce, "Haba Maman Khaulah, tsohuwa tana amai ki ce in mayar?" Sai kawai na hau ta da faɗa, na ce ita likita ce da take rabon ƙwayoyi kamar alewa? Na faɗi maganganu. Ta tsaya tana kallona ta saman takunkumi, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ke kika kawo mini fanko, Lailatu. Ban san komai ba." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinta. Na rufe ƙofa.

Bayan awa ɗaya ta turo saƙo: in zan kai Inno asibiti in kawo mata yaran.

Litinin, 11 ga Mayu, bayan azahar

Mun je babban asibiti. An auna zafin jikinmu sau uku kafin mu shiga. A hanya na gode wa Allah da takunkumi, babu wanda ya kalli Inno sau biyu.

Likitar mace ce, Bamaleshiya mai lulluɓi, ba ta fi ni shekaru ba. Ta ce a cire takunkumin. Inno ta ƙi, sai da na ce, "Inno ku yi haƙuri." Ni na cire mata da hannuna. Likitar ta ce ta buɗe baki, ta fito da harshe ta riƙe shi a waje. Bai riƙu ba. Ta ce ta ɗora hannu a gwiwa. Yatsun suka ci gaba da abinsu. Ina tsaye a gefe ina kallon takalmina.

Ta tambayi magungunanta. Na faɗi na suga, na faɗi na hawan jini. Ta jira. Sai na zaro fankon daga jaka na ajiye a tebur. Metokulopiramid. Ta ce tun yaushe? Na ce Janairu. Ta ce sau nawa a rana? Na faɗa, har da na azumi na faɗa. Ta ajiye bironta. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Ta yi bayani a hankali. Maganin yana tura abinci daga ciki, gaskiya ne, amma yana taɓa wurin da yake riƙe da motsin jiki a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a daɗewa a kansa. Ta ce daidai na yi da na daina, kuma yakan ƙaru a farkon dainawa. Na ce zai tafi? Ta ce wasu yana tafiya cikin watanni, wasu yana raguwa, wasu yana zama. Na ce Inno a wanne take? Ta ce ba ta sani ba.

Sannan ta ce in fassara wa mara lafiya. Na ce, "Inno, ta ce ba iska ba ce. Maganin ne bai karɓe ku ba." Iyakar abin da na fassara ke nan. Likitar ta yi magana ta minti biyar, ni na yi ta daƙiƙa biyar. Inno ta ce, "Allah Ya sa kaffara ne."

Talata, 12 ga Mayu, la'asar

Abban Khaulah ya kira. Na faɗa masa abin da na faɗa wa Inno. Ransa ya ɓaci, ya ce wane likitan banza ne zai ɗora tsohuwa a kan irin wannan wata huɗu? Ya ce in ba shi sunan asibitin, zai rubuta ƙara. Na waiga na kalli labulen Inno. Ya ce, "Lailatu, kina ji na?"

Sai hannu ya fito ta bayan labule. Na miƙa mata wayar.

Da ƙyar kalmomin suke fita, amma na ji duka. Ta ce, "Kai, saurara. Ba likita ba ne. Ni na riƙa sawa a nemo mini. 'Yar nan ta hana ni, na ƙi ji. Kada in sake jin maganar." Ta miƙo mini wayar.

Ban taɓa hana ta ba. Ba ta taɓa sawa a nemo ba.

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yara su ji ni.

Asabar, 16 ga Mayu, hantsi

An hana ta azumi, wannan karon ba ta yi musu ba. Abinci kaɗan-kaɗan sau shida, mai laushi, ba mai, ba ganye mai kauri. Kunu, faten dankali, kifi dafaffe. Ta zauna a miƙe awa biyu bayan ci. An ba ta wani maganin daban bayan an auna bugun zuciyarta, na sati ɗaya, mu koma. Na manna takarda a jikin firji ina soke kwanakin. Kafin in ba ta ƙwaya ɗaya sai na karanta kwalin sau uku.

Kwanon yana dawowa da rabi. A gefensa akwai inda kunu ya zuba, a zaninta ma. Ta fara wanke kayanta da kanta tana shanyawa a ɗaki.

Lahadi, 17 ga Mayu

Tsap. Tsap. Ko na fita kedai, wato kanti, sayen madara ina jin ta a kunnena.

Talata, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Na gaya masa.

Kwana bakwai ina yawo da rufin asirin da Inno ta yi mini, ya fi mini dutse nauyi. Yaya Turai har ta kira tana ba ni haƙuri, wai ta zarge ni a banza, ta san taurin kan Inno. Da ta ce "Allah Ya yi miki albarka" sai na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi.

Na fita baranda na kira shi. Na faɗi yatsu biyar. Na faɗi kwali huɗu. Na faɗi biyu-biyun azumi. Na faɗi kwana biyun da na ci gaba bayan na karanta, wannan ne ya fi wuya, amma na faɗa. Sannan ya ce, "Abu ɗaya na bar miki." Ya kashe.

Alhamis, 21 ga Mayu

Bai kira ba.

Asabar, 23 ga Mayu, yamma

Ya kira wayar Khaulah ta karatu, ya yi magana da ita, ya yi da Inno. Bai ce a ba ni ba. Ban ga laifinsa ba, amma na ji zafi, kuma na yi fushi, kuma ba ni da bakin yin fushin.

Lahadi, 24 ga Mayu, ranar Sallah, hantsi

Babu Idi, babu masallaci. Daga baranda ina jin maƙwabta suna kabbara a cikin gidajensu. Na sa wa yara sababbin kaya, na ɗauke su hoto. Bashira ta ajiye mana waina da miyar taushe a ƙofa, ta buga ta tafi. Inno ta ƙi fitowa hoto. Babu wanda ya matsa mata.

Laraba, 27 ga Mayu, bayan azahar

Ina ninke kaya na ji ta kira. Ba "'yar nan" ta ce ba. Lailatu ta ce. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai da ta sake kira na gane da ni take.

Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce in shigo. Na shiga na zauna nesa. Ta ce in matso, har gwiwata ta taɓa dardumarta.

Na fara cewa, "Inno, ku yafe mini, likitan nan tun farko ya ce..." Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ba na jin Turanci, amma ina da ido. Na ga hannunsa. Na ji daɗin cin abinci, na yi shiru. Mu biyu ne. Wancan kuma ki bar ni da shi."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi kukana, ba ta rarrashe ni ba.

Sannan ta faɗi abin da ta kira ni dominsa. Ta ce bakin bai dame ta don mutane ba, ta tsufa, wa za ta yi wa kwalliya? Salla ce. Ta ce wata guda ke nan ba ta san ko Fatiharta tana fita ba. Harshen yana kauce mata a tsakiyar aya, kunnenta kuma ya saba, ba ya gaya mata gaskiya. Ta ce, "Ke kin yi Islamiyya. Zan karanta, ki saurara, ki dubi bakina. Kada ki ji kunyata. In kika yi mini ƙarya, ke da Allah."

Na ɗago kai. Fuskarta ƙarama ce, ashe. Tana da tsaga biyu siraru a gefen ido, da idanu irin na Umair.

Ta gyara zama ta fara. Aya ta farko ta fita. Ta biyu ta fita. A ta huɗu harshen ya fito waje, kalmar ta narke, ta ja shi ta ci gaba da ƙarfin hali har ƙarshe. Ta tsaya tana haki. Ta ce, "Ta fita?"

Wallahi na so in ce eh. Bakina har ya buɗe da eh ɗin.

Na ce, "Ba ta fita ba, Inno."

Ta gyaɗa kai. Ta goge haɓarta da bakin mayafi, ta ce, "To, mu sake."

Mun sake sau tara. Umair ya farka yana kuka, na yunƙura, ta riƙe hannuna ta ce ya jira.

Alhamis, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Sau goma sha huɗu yau. A ta ƙarshe ta kai aya ta shida kafin harshen ya kauce. Ta ce in zo da wuri gobe.